Yashin Shalele

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Ya jinya, ya zaman asibiti, ya kuma jikin yayarki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sauke ta lafiya, ke kuma ya ba ki ladan kwana a kan kujerar roba. Na san za ki ce yau Injiniyan bulo ya zama marubuci. Yi dariyarki, amma ki fita waje ki yi, kada yayarki ta gani. Ban kira ki ba saboda wayarki kullum tana hannunta, kuma ko tari na yi a waya sai ta gane akwai magana. Direbanmu mai kai bulo yana bi ta ƙofar asibitinku, shi zai miƙa miki wannan takarda, idan kin ba shi amsa kuma zai kawo min.

Maganar Shalele ce. Kin san yadda yayarki take da kyanwar nan. Bayan mun binne ɗanmu na fari, wanda ko kuka bai yi ba, ta tsinto ta a bayan shago idonta bai ma buɗe ba, ta raine ta da madara a sirinji. Ranar da za a ba yayarki gado a asibiti, likita yana ta ja min kunne a kan hawan jini, wai kada a bari komai ya tayar mata da hankali har ta haihu, ita kuwa hannuna ta riƙe tana cewa Shalele amana ce a wuyana, wai ita kaɗai ce abin da ya taɓa rayuwa a hannunta. Ban ji daɗin maganar ba, kuma har yau tana min yawo a kai.

Kin kuma san ni da kyanwa. Zan tsaya a kan katako guda a saman bene ina shafe ina waƙa, amma da halittar nan ta zuba min ido sai tsigar jikina ta tashi. Da sandar goge-goge nake tura mata kwanon abinci. A haka dai muke zaune, ba ruwan wani da wani, sai ga shi ta daina shiga robar yashinta. Ta fara da bayan ƙofar falo. Na wanke na yi shiru. Ta koma kan tabarmar ƙofar ɗaki, daga nan sai cikin takalmin aikina, ban sani ba sai da na zura ƙafa. Shekaranjiya kuwa a kan gado ta yi, daidai gefen da yayarki take kwanciya. Sallayata yanzu a saman wadirob take kwana, kuma kafin in tayar da salla sai na bi ɗakin ina shinshinawa.

Abin da ya ɗaure min kai, ban rage ta da komai ba. Yashin kanti da yayarki take saya a buhu ya ƙare, na je ban samu ba, na ce ni da ake juye tifa a gabana kullum, yashi ne zai gagare ni? Na zaɓo mai laushi, irin na shafe, na tankaɗe shi da hannuna. Na lura na kantin yana dunƙulewa idan ya jiƙe, to wannan ai ba sai an gaya wa magini abin da ke ciki ba, sai na barbaɗa wa nawa siminti daidai gwargwado na juya. Wallahi Auta ya fi na kantin kyau a ido. Da farko tana shiga har da tono, daga baya sai ta riƙa tsayawa a bakin robar tana kallo, ta juya ta tafi.

Maƙwabciyarmu ta gan ni ina shanya zanen gado, na yi kuskuren gaya mata. Ta riƙe baki ta ce dabba tana ganin abin da mutum ba ya gani, wai idan ta ɓata shimfiɗar wanda ba ya nan, to a dage da addu'a. Na ce mata camfi ne, amma tun da ta faɗa gabana yake faɗuwa.

Don Allah ki bugi cikin yayarki da dabara, ki ji me take yi idan kyanwa ta yi haka. Ki ce wata ƙawarki ce take tambaya. Ki saki fuska lokacin da za ki faɗa, don na san ki, ƙarya ba ta zama a bakinki.

Ki gaida yayarki kamar daga waya na aiko. Ki huta lafiya.

Mijin yayarki.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kun tashi lafiya ke da mai jiki. Ya kumburin ƙafar, ya ragu? Allah ya sa kaffara ne. Takardarki ta iso, na kuma ga inda kika kira ni matsoraci har da ja masa layi. Na karɓa, yau ba ni da bakin ramawa.

Kin ce yayarki ta ce kyanwa ba ta guje wa yashinta haka kawai, ko dai robar ta yi datti ko kuma ba ta da lafiya. Datti dai babu, kullum da safe nake zubar da na jiya in haɗa sabo. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da kika ce ta daɗe tana kallonki, sannan ta tambayi sunan ƙawar taki. Auta, kin ga abin da nake gudu ke nan.

Kafin amsarki ta zo na riga na ɗauki shawarar kafintanmu. Ya ce taurin kai ne, in kulle ta a banɗaki ita da robar, idan ta rasa wurin zuwa dole ta shiga. Da abinci na yaudare ta ta shiga, na ja ƙofa na tafi aiki. Kin san famfon banɗakin nan da yayarki ta gaji da cewa in gyara, ƙasan kullum a jiƙe yake. Da na dawo na tarar ta watsa yashin ko'ina, ya caɓe da ruwa, ita kuma tana tsakiya ta yi furu-furu. A gefen masai ta yi abinta, ba a robar ba. Na ce gobe ma haka, sai mun ga wanda zai gaji. Na maimaita, kuma na sake maimaitawa.

Yanzu ta daina cin abinci. Na buɗe mata ƙofa ta fito tana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan garwashi, ta shige ƙarƙashin gado. Da na zo goge tayil sai na ga ɗigon jini, ƙanana, a jere, tun daga banɗaki har bakin gado. Na durƙusa na haska ta da waya. Haɓarta a jiƙe take da miyau, tana ɗaga ƙafa za ta lasa sai ta fasa. Ta kalle ni, kuma karon farko ba idon nata ne ya ba ni tsoro ba, yadda ya dushe ne.

Ana cikin haka yayarki ta kira, kina ma kusa, na ji muryarki. Bayan mun gaisa ta ce in kai wayar kusa da Shalele ta yi mata magana. Na miƙa hannu ƙarƙashin gado, tana ta kiranta da muryar nan da take yi mata. Da can ko daga falo ta ji muryar sai ta amsa. Jiya ta buɗe baki, amma babu abin da ya fito. Na ce barci take yi. Yayarki ta ce Shalele ba ta barci a wannan lokacin. Na ce ai tun da ba ta nan komai na gidan ya canza lokaci, na yi dariyar dole.

Auta, tsoro nake ji. Idan kyanwar nan ta mutu a hannuna, yayarki ba za ta ɗauke shi a mutuwar kyanwa ba, kin san abin da za ta saka a ranta game da cikin nan. Na nemi izinin oga, da safe zan kai ta wurin likitan dabbobi. Yadda zan kama ta ne ban sani ba. Na ajiye babban tawul da safar hannun aikina.

Ki yi mana addu'a, kuma ki riƙa janye wayar idan ta ce za ta kira. Ki ce ba caji.

Naku,
mijin yayarki.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya mai jiki, ya kuma ƙoƙari? Allah ya saka miki da alheri. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma idan kin gama ki yaga ta.

Kamun da nake tsoro bai zo da wahala ba. Na sa safar hannu, na lulluɓa mata tawul, ina jiran ta yage ni. Ko motsi ba ta yi ba. Na ɗago ta sakayau, ba nauyi, ina jin ƙasusuwanta ta cikin tawul. Da ma ta yage ni ɗin, da ya fi min sauƙi.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta juya ƙafafun Shalele ɗaya bayan ɗaya, ta kira ni in gani. Tafin duk ya saluɓe, ja wur, wani wurin fatar ta tashi. Ta buɗe bakinta, harshe da dasashi duk gyambo. Ta ce wannan ƙuna ce, ta tambaye ni ko kyanwar ta taka wani sinadari, ko maganin wanke masai. Na rantse ban bar komai a ƙasa ba. Ta tambayi irin yashin da take amfani da shi. Na ce haɗin gida ne, kuma Auta, har a lokacin da ɗan alfahari na faɗa. Ta ce in je in kawo.

Na koma gida na ɗauko robar, wadda ban taɓa ba tun ranar da na buɗe banɗaki. Tun a hannu na ji nauyin ya canza. A gaban likita na kifa ta, abin ya faɗo guda ɗaya, ƙwal, kamar dakalin da aka zuba, har da sawun ƙafar Shalele a jiki. Ban jira ta yi magana ba, ni da kaina na ce siminti ne.

Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce in buɗe hannuna, na buɗe. Ta ce fatata ta mutu da aiki shi ya sa na manta, amma in tuna yadda hannuna ya yi a farkon shigata gini. Na tuna. Har kuka na yi a lokacin, ruwa ma ba na iya taɓawa. Ta ce to haka siminti yake yi wa tafin kyanwa duk lokacin da ya jiƙe, ita kuma da ta ji zafi sai ta lasa, shi ne ya cinye mata baki. Wato duk ɓarnar da take yi a bayan ƙofa da kan gado, gudun wuta take yi, ni kuma na kama ta na kulle ta da wutar a ɗaki mai ruwa. Na nemi benci na zauna.

An wanke mata ƙafafu, an naɗe da bandeji, an yi mata allura da ƙarin ruwa. Likita ta ce ƙafa za ta warke, bakin ma zai warke, abin da take tsoro shi ne rashin cin abinci, don kyanwa idan ta daɗe ba ta ci ba hantarta ce take lalacewa, kuma daga nan da wuya a dawo. Ta ce in kai ta gida ko hankalinta zai fi kwanciya, in riƙa ɗiga mata abinci mai ruwa da sirinji. Yashi kuwa kowane iri an hana, sai yagaggiyar jarida a sabuwar roba.

Ga mu a gida. Ina naɗe ta a tawul ina ɗora ta a cinyata, ni ɗin nan da kika sani. Ina kai sirinji bakinta, ita tana kawar da kai, abincin yana zuba a wandona. Ko ɗigo kaɗan da ya shiga sai ta turo shi waje.

Kada ki ce wa yayarki komai tukuna. Allah ya ba mu mafita.

Mijin yayarki.

*

Zuwa ga matata, abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewarki. Ya jikin naki, ya nauyi, ya ɗan mutumin namu, yana motsi? Allah ya raba ku lafiya, ya dawo min da ku gida ku biyu. Kafin ki ci gaba ki gyara kwanciya, ki sa Auta ta zauna kusa da ke. Abu na farko da nake so ki riƙe shi ne Shalele tana raye, tana kan cinyata ma yanzu da nake rubutun nan.

Auta ta rubuto min cewa kin daina barci, kin daina tambayarta Shalele, sai dai ki bi ta da ido, kuma awon jininki yana hawa. Ta ce ɓoyon da muke yi ya fi gaskiyar cutar da ke, kuma idan ban faɗa ba ita za ta faɗa. Kada ki ga laifinta, ni na sa ta.

Yashinki ya ƙare, na haɗa wani da kaina, na sa siminti a ciki don ya riƙa dunƙulewa kamar naki. Ya ƙone mata ƙafafu da baki. Da ta guje shi ta koma yi a ɗaki, sai na ɗauka iskanci ne, na riƙa kulle ta a banɗaki tare da shi. Ranar da kika kira ta ba ta amsa ba, ba barci take yi ba, muryar ce ta ƙi fita. Likitar dabbobi ta duba ta, ta ce ciwon zai warke idan ta ci abinci. To ta ƙi ci. Na gwada kifi, na gwada madara, na gwada na gwangwanin da kike saya mata. Tana kwance ne kawai tana kallon ƙofa.

Likita ta ce wani lokaci idan suka ji ƙamshin mai su hankalinsu yana kwanciya har su ci, in samo wani kayanki da ba a wanke ba in shimfiɗa mata. Na buɗe wadirob na bi kayanki ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa kamar mahaukaci. Babu. Lokacin da take ɓata ɗaki na kwashe komai, zannuwan gado, rigar filo, kayanki na cikin kwando, har mayafin da kika bari a jikin ƙofa, na jiƙa su da bilic na wanke tas. Duk gidan nan babu inda ƙamshinki ya rage, warin asibiti kawai yake yi.

Shi ya sa na zo gare ki. Ki ba Auta ɗankwalin da ke kanki, ko rigar da kika kwana da ita, ta ƙulle a leda ta ba direba. Na so in sa ta sato min, amma na san za ki nema, kuma na gaji da yi miki ƙarya.

Ban taɓa jin tsoro irin na yau ba. Ina tsoron in rufe takardar nan, ina tsoron lokacin da za ki buɗe ta ba na kusa. Ki ji haushina yadda kike so, na cancanta, amma don girman Allah ki yi shi a hankali. Abin da ya sami Shalele aikin hannuna ne da wautata, ba alamar komai ba ce.

Ni ne mijinki, mai laifi.

*

Zuwa ga matata,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ya jiki, ya ƙarfin hali? Ina fata an samu barci ko kaɗan ne. Ina gaida Auta, ina kuma yi mata godiya.

Leda ta iso jiya da yamma. Auta ta saka 'yar takarda a ciki, ta ce kin karanta tawa har ƙarshe, kin kwance ɗankwalin daga kanki kin miƙa mata, kin juya kin fuskanci bango, kuma har direba ya tashi ba ki ce uffan ba.

Na shimfiɗa ɗankwalin a kan tawul na ɗora ta. Da farko ba ta kula ba. Can sai hancinta ya fara motsi, ta cusa fuskarta cikin ninkin, ta daɗe a haka, har na ji tsoro na taɓa cikinta in ji ko tana numfashi. Sai na ji wannan gurnanin da take yi idan tana jikinki, ƙasa-ƙasa, yana yankewa. Na ajiye sirinji, na lakato abincin a yatsa na kai bakinta. Ta lasa. Ta tsaya, da alama da zafi, ta sake lasa. Ba ta ci da yawa ba, bai fi cokali ba, amma da kanta ta ci, kuma bai dawo ba.

Yau da safe ta ƙara ci. Ina ɗaura takalmi zan fita sai na ga ta miƙe. Ta sauko daga kan tawul da ƙafafunta huɗu a naɗe, tana ɗaga su ɗaya-ɗaya, ta nufi sabuwar robar. Ta tsaya a baki tana kallo. Na ƙame da takalmi ɗaya a hannu, ko numfashin kirki ba na yi. Ta sa ƙafa ɗaya a kan jaridar ta janye, ta sake sawa, sannan ta shiga ta tsuguna. Ni dai ga ni nan, ƙato da gemu, ina kallon kyanwa tana fitsari hawaye yana zubo min, ina ta hamdala. Oga ya kira ya fi a ƙirga, ban ɗauka ba. Na gaya wa likita, ta ce alama ce mai kyau, amma in ci gaba da sa ido, ba a wuce haɗari ba tukuna.

Ɗankwalinki kuwa sai dai ki haƙura da shi, ta kwanta a kai, ko gyara shi na zo yi sai ta harare ni.

Yanzu saura ke. Shirun nan naki ya fi komai tayar min da hankali, duk ƙarar waya sai in zabura in duba ko ke ce. Ban ce ki yafe min yau ba. Ki aiko min da kalma ɗaya, ko ta zagi ce, zan karɓa hannu biyu. Idan kuma ba ki son yi min magana, ki bar Auta ta rubuto min abin da awon jininki ya nuna da safen nan, da kuma ko yaron ya motsa. Direba zai jira a bakin ƙofa, na roƙe shi kada ya taso hannu wofi.

Ni ne mijinki, mai jiran amsa.